Kububuwar Bishiya: Igiyar da Ba a Ƙasa Take Ba

 

A gidajenmu idan dare ya yi ba a cika kiran sunan maciji ba. Sai ka ji tsofaffi suna cewa «igiyar ƙasa» ko «abin ƙasa». Wannan suna daga arewa kakanninmu suka zo da shi, kuma a can ya dace da abin da ido ke gani. Kasa a ƙasa take kwance, kububuwa a ƙarƙashin dutse ko cikin kunya take ɓuya, kumurci kuma rami yake nema ko akurkin kaji. Shi ya sa duk gargaɗin da aka yi mana tun muna yara guda ne: dubi gabanka, kula da inda za ka sa ƙafa.

To amma mu yanzu a kudancin Kamaru muke zaune, ƙasar kurmi. Daga Yawunde in ka ɗauki hanyar Mbalmayo, Ebolowa ko Sangmelima, ba ka yin nisa sai ka ga itatuwa sun rufe sama. Da yawa cikin 'yan'uwanmu suna shiga waɗannan ƙauyuka, wasu sayen koko, wasu goro da ayaba, wasu aikin katako, wasu kuma ƙwadago a gonaki lokacin hutu. A wannan kurmi akwai wata 'yar ƙaramar macijiya mai dafi wadda zamanta a kan reshe ne, daidai inda hannu, kafaɗa da fuskar mutum ke wucewa. Ita ce za mu yi bayani a kanta a littafin bana, saboda gargaɗin da muka gada na duban ƙasa bai isa ya kare mu daga gare ta ba.

Wace ce ita?

Masana dabbobi suna kiranta Atheris squamigera. Wani likita ɗan Amurka mai suna Edward Hallowell ne ya fara rubuta siffarta a shekarar 1854, daga samfurin da aka kawo daga yankin Gabon. A 1862 wani masanin, Edward Cope, ya ware wa ita da 'yan'uwanta gida na kansu, wato Atheris. Yau nau'o'in da aka sani a wannan gida sun haura 15, kuma dukkansu a Afirka kaɗai suke. Da Faransanci ana ce mata vipère arboricole. Yana da kyau a riƙe wannan suna, don wata rana shi za a faɗa wa likita. Mu a nan za mu kira ta kububuwar bishiya.

Dalilin wannan suna shi ne dangi ɗaya suke da kububuwa da kasa. Waɗanda suka yi nisa a lugga sun san Larabci ya bambanta tsakanin hayya, wadda ta haɗa kowane maciji, da af'a, wadda ake nufi da irin mai faffaɗan kai, siririn wuya da mugun dafi. To kububuwar bishiya tana cikin sahun af'a.

Ana samunta a kurmin kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Kwango biyun, arewacin Angola, Yuganda, har zuwa yammacin Kenya, da tsibirin Biyoko. Kamaru ma tana da wasu 'yan'uwanta, kamar Atheris broadleyi wadda sai a 1999 aka tabbatar da ita a matsayin nau'i na daban, da Atheris subocularis ta yankin kudu maso yamma. Can gabas kuma, wajen Kwango, Yuganda da Kenya, akwai Atheris hispida mai jiki kamar an dasa mata ƙaya.

Yadda ake gane ta

Abu na farko, ƙarama ce. Yawanci tsawonta tsakanin santimita 45 ne zuwa 65, babbar ciki da ƙyar take kai wa 80. Wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu da ɗan ƙari. Macen ta fi namijin girma. In ta naɗe jikinta a kan reshe, ba ta wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba.

Na biyu, kai. Kanta faffaɗa ne mai kusurwa uku, kamar bakin mashi, ya fita daban daga wuyanta siriri. Faɗin nan ba ado ba ne, jakunkunan dafi ne a gefe biyu, bayan idanu. Idanun manya ne, ƙwayar idon kuma a tsaye take, tsaga ɗaya kamar ta kyanwa da rana.

Na uku, fata. Da yawa cikin macizan da muka saba gani jikinsu sumul yake yana sheƙi. Ita kuwa kowane ɓawo na fatarta yana da ɗan tudu a tsakiya, sai jikin ya zama kaushi-kaushi, ba ya ƙyalli, kamar bayan abarba. Wannan kaushi yana taimaka mata wajen riƙe reshe, yana kuma hana hasken rana tona mata asiri a cikin ganye.

Na huɗu, wutsiya. Wutsiyarta tana naɗe reshe ta riƙe gam, kamar yadda hawainiya ke yi. Da ita take maƙalewa ta saki sauran jikin yana lilo, ta kai sara daga sama zuwa ƙasa.

Launi kuwa, a nan ne mutum zai iya ruɗewa. An fi ganin koriya, mai ɗigo-ɗigon rawaya a baya. Amma akwai rawaya zalla, akwai ruwan goro, ja, shuɗi-shuɗi, ruwan toka, har da mai duhu kusan baƙa. Uwa ɗaya tana iya haifar 'ya'ya masu launi daban-daban, kuma launin yakan canza yayin da suke girma. Saboda haka kada wani ya ce «ai wannan ja ce, ba ita ba ce». A dubi kai, ido da kaushin jiki, su ne ba sa canzawa.

Ba damatsiri ba ce

Wannan shi ne wurin da muka fi jin tsoro ga mutanenmu. A arewa an san damatsiri, siririn koren maciji mai gudu cikin ganye, kuma yara sun taso da jin cewa ba ya kisa. Sai mutum ya zo kurmi da wannan sani, ya ga abu kore a kan reshe, ya ce ai damatsiri ne, ya kai hannu ya kaɗe shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ga bambancin. Damatsiri siriri ne kamar bulala, kansa ɗan ƙarami mai tsawo, ƙwayar idonsa zagaye, jikinsa santsi, da ya ji motsi sai ya zura. Kububuwar bishiya gajera ce mai ɗan kauri, kai faffaɗa, jiki kaushi, kuma ba ta gudu. Ta dogara da ɓuya, sai ta yi lamo tana kallonka har ka iso kanta.

Kuma fa kada a fahimce mu cewa duk siririn koren maciji ba shi da illa. A wannan kurmi namu akwai koriyar mamba da ake kira mambar Jameson, siririya mai santsi, tana kai mita 2, dafinta kuma yana tsayar da numfashi. Ka'ida mafi sauƙi ita ce: a kurmi, koren maciji ba abin taɓawa ba ne, ko wane iri ne.

Rayuwarta

Da rana takan naɗe a kan reshe ko cikin sarƙaƙiyar ganye, wani lokaci ta hau saman ɗan itace ta sha hantsi. Tana son wuri mai laima: bakin rafi, gefen fadama, bakin daji, da tsofaffin gonakin da ciyawa da kuranga suka cinye. Ba ta cika hawa can ƙololuwar manyan itatuwa ba, ta fi son ƙananan itatuwa masu duhun ganye, kuma wannan shi ne ya sa hanyarta ke haɗuwa da ta manomi.

Da dare take farauta, kuma farautarta kwanton ɓauna ce. Sai ta sauko reshe na ƙasa-ƙasa, ta maƙale da wutsiya, ta lanƙwasa wuya, ta jira. Tana iya yin sa'o'i ba ta motsa ba. Abincinta kwaɗin bishiya, ƙadangaru, ɓeraye da ƙananan tsuntsaye. Ba ta da kunne a waje kamar namu, amma tana jin girgizar reshe da jikinta. Harshen da take fitarwa tana mayarwa kuwa ba da shi take sara ba, kamar yadda wasu ke zato. Da shi take sansana iska: tana ɗauko ƙamshi ta kai shi wani gurbi a saman bakinta, ta gane ko abinci ne ke zuwa ko abokin gaba. Ruwan sha ma ba sai ta sauka rafi ba, raɓa da ɗigon ruwan sama a kan ganye da jikinta sun ishe ta.

Wani abin mamaki, ba ta yin ƙwai a rami. 'Ya'yan a cikinta suke girma, ta haife su da rai, yawanci 7 zuwa 9 a haihuwa ɗaya. Daga ranar da aka haife su suna da fiƙa da dafi, kuma kowa kansa yake ciyarwa. Don haka ɗan ƙarami mai tsawon alƙalami ma ba abin wasa ba ne.

Fiƙoƙinta guda biyu ne a gaban muƙamuƙin sama, masu rami a ciki kamar allurar asibiti. In baki yana rufe suna kwance a naɗe, kamar wuƙar aljihu. In ta buɗe baki za ta yi sara sai su miƙe, su shiga nama, tsokar da ke kan jakar dafi ta matse, dafin ya bi ramin ya shiga jiki. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Abin da dafin ke yi

Dafin maciji ba iri ɗaya ba ne. Na mamba da wasu gamsheƙa jijiyoyi yake kamawa, ido ya yi nauyi, harshe ya karye, numfashi ya tsaya. Na kububuwar bishiya jini yake bi, kamar na kububuwar arewa.

Bari mu bayyana yadda abin yake. A cikin jininmu akwai wani sinadari da aikinsa shi ne daskarar da jini in an ji ciwo. Shi ne dalilin da in ka yanke da reza, bayan ɗan lokaci jinin ke tsayawa. Dafin nan yana shiga ya ruɗi jini, ya sa shi ya yi ta kashe wannan sinadari a banza, har ya ƙare ƙaf. Kamar a ce wani ya shiga rumbu ya watsar da hatsin, ranar da yunwa ta zo babu abin ɗiba. Daga nan jini ba ya daskarewa. A lokaci guda kuma dafin yana cin bangon ƙananan hanyoyin jini, sai su riƙa yoyo.

Alamun farko su ne zafi mai tsanani a wurin saran, da kumburi da ke hawa sama, wani lokaci da ƙuraje masu ruwa da kaluluwa a hammata ko matsematsi. Bayan sa'o'i sai a ga jini daga dasashi, ko hanci, ko tsohon miki, ko fitsari ya koma ja ko ruwan shayi. Mafi muni shi ne zubar jini a ciki inda ido ba ya gani, da kuma lalacewar ƙoda, fitsari ya ragu ko ya ɗauke. Likitoci sun rubuta labarin waɗanda sai da aka yi musu ƙarin jini da wankin ƙoda bayan saranta, kuma an rubuta mutuwar wani mutum a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kwanaki bayan ta sare shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A kula da kalmar nan: kwanaki. Haɗarin irin wannan dafi shi ne yana ba mutum tazara. Wanda aka sara yana iya tafiya da ƙafarsa, yana magana, yana cin abinci, mutanen gida su ce alhamdu lillahi maganin da aka shafa ya yi aiki, alhali jininsa ya riga ya tsinke. Ba banza ba Bahaushe ya yi wa kububuwa laƙabi da «gobe da nisa».

Maganar makari

Makarin dafi na asibiti ba daga saiwa ake yinsa ba. Wani likita Bafaranshe, Albert Calmette, shi ne ya samar da na farko wajen shekarar 1894. Hanyar har yau kusan ɗaya ce: a tatsi dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikin dabbar ya ƙera garkuwa, sai a ɗebi jininta a tace garkuwar a zuba a kwalba. Ka ga kenan kowane makari yana aiki ne a kan macizan da aka yi shi da dafinsu, ko danginsu na kusa.

Ga inda matsalar take: babu wani makari da aka yi musamman domin kububuwar bishiya. Kamfanonin magani suna bin macizan da suka fi yawan sara ne, irin su kububuwar arewa, kasa, gamsheƙa da mamba. Ita kuwa a kurmi take, waɗanda take sara talakawan ƙauye ne da galibi ba a rubuta su a ko'ina, don haka babu kasuwa. Abin da ke ɗan kwantar da hankali shi ne likitoci sun ba da rahoton cewa makarin da aka yi domin kububuwar arewa ya taimaka wa wasu da ta sara, saboda kusancin dafin biyu. Amma wannan hukunci ne na likita, shi zai duba ya yanke. Ba abu ne da za a saya a kasuwa a yi wa mutum a ɗaki ba, domin makarin kansa yana iya tayar da jiki har ya kai ga halaka in ba a wurin da ake da kayan ceto ba.

Matsalar makari ma ba ta tsaya kan wannan macijiya kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai suna saran mutane kusan miliyan 5.4 a shekara, kuma tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa. A 2014 kamfanin Sanofi Pasteur ya daina yin Fav-Afrique, ɗaya daga cikin makaran da aka fi dogara da su a Afirka, na ƙarshensa ya lalace a 2016. A 2017 Hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. A Najeriya akwai asibitin Kaltungo a jihar Gombe da ya shahara da jinyar saran kububuwa. To in macijin da ya fi kowanne kisa a yankinmu ana fama da neman makarinsa, ina ga wadda ba a ma yi mata nata ba?

Kada wannan ya sa wani ya ce to me za a je yi asibiti. Akwai abin yi da yawa. Akwai wani gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya zuba kamar ruwa, dafi ya shiga jini. Ana maimaita gwajin bayan sa'o'i. Ban da wannan akwai ƙarin ruwa don kare ƙoda, ƙarin jini in ya kama, auna fitsari, allurar tetanus, da kula da mikin kada ya ruɓe. Waɗannan su ne suka ceci mafi yawan waɗanda suka rayu, kuma ba ɗaya cikinsu da ake iya yi a gida.

In ta sari mutum

Ga abin da ya kamata a yi, bi da bi:

1. A janye shi daga wurin. Kada a tsaya neman macijiyar ko ƙoƙarin kama ta. In da hali a ɗauki hotonta da waya daga nesa.
2. A kwantar masa da hankali, a zaunar da shi. Gudu da firgici suna sa jini ya zagaya da sauri.
3. A cire zobe, agogo, awarwaro, guru ko kambu, da duk abin da zai matse in kumburi ya zo.
4. A tallafe hannun ko ƙafar da ɗan itace yadda ba za ta motsa ba, kamar yadda ake yi wa karaya, amma ba ɗauri mai tsanani ba.
5. A riƙe lokacin da abin ya faru. A ɗauke shi a babur ko mota zuwa asibiti mafi kusa, wani ya zauna bayansa ya riƙe shi.
6. In amai ya zo, a kwantar da shi ta gefen hagu.
7. Ko ya ji sauƙi, kada ya bar asibiti kafin awa 24 sai likita ya sallame shi.

Ga kuma abin da ba a yi. Ba a ɗaure gaɓa da igiya ko roba tamau. Dafin ya riga yana cin naman wurin, in aka toshe jini kuma sai gaɓar ta mutu, mutum ya tsira da rai ya rasa hannu. Ba a tsaga wurin da aska. Ka tuna jinin ba ya daskarewa, to wa zai tsayar da shi? Ba a tsotsa da baki, ba a ƙona wurin, ba a zuba fetur ko kananzir. Baƙin dutsen nan da ake mannawa, an gwada shi an ga ba ya zuƙe dafin da ya shiga nama. Kuma kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara tsinka jini kuma suna wahalar da ƙoda. Parasitamol kaɗai ake bayarwa don zafi.

Mun san wannan magana tana da nauyi, don akwai dattawa masu maganin maciji da ake girmamawa, kuma kowa yana da labarin wani da aka shafa wa magani ya tashi. Ba rashin kunya muke yi ba. Amma a sani cewa macizai da yawa ba su da dafin kisa, kuma mai dafin ma wani lokaci yana sara bai zuba komai ba. Irin waɗannan ko ba a yi musu komai ba za su warke, sai maganin ya kwashi yabo. Wanda dafi ya shiga jininsa da gaske shi ne ake rasawa, kuma galibi lokacin da aka ɓata a gida shi ke cin sa. Addu'a kuwa ba ta hana tafiya. A yi ta a kan hanya, babur yana gudu.

Rigakafi

Tunda makari ya yi wuya, rigakafi shi ne babban makaminmu, kuma bai da tsada.

Takalmin roba mai tsawo yana kare ƙafa daga kasar kurmi, amma ba ya kare wuya da hannu. Mai shiga gonar koko, ayaba ko kwakwar manja ya sa riga mai dogon hannu mai kauri, ya sa malafa ko hula mai baki, in da hali da safar hannu. Kafin ka kai hannu cikin ganye, duba tukuna, sannan ka buga reshen da sanda ko bayan adda. Kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba. In za ka bi ƙarƙashin kuranga, ɗaga kai kafin ka sunkuya. Masu saran ciyawa da sassabe su yi amfani da sanda mai ƙugiya wajen janyo ciyawar maimakon hannu.

Nonon ayaba da dammunan itace da aka ɗauko daga daji, a jefar da su ƙasa a bubbuga kafin a ɗora a kai ko a shigar da su ɗaki. Iyayenmu mata masu saye a bakin mota su ma su kula, don ƙaramin maciji yana iya biyo kaya har kasuwa. Da dare kada a fita bayan gida ko rafi babu tocila, kuma a haska sama kamar yadda ake haska ƙasa. A sare rassan da suka taɓa rufin ɗaki ko taga. Ƙannenmu masu hawa mangwaro da gwaiba a ƙauye, a gaya musu da baki, a nuna musu hotonta.

In an kashe maciji kuma, kada a ɗauki kan da hannu. Ana cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, to ko an sare ɗin ma, kan yana iya sara bayan an raba shi da jiki, kuma dafin yana nan. A ɗauke shi da sanda a binne.

Shin sai an kashe ta?

Wadda ta shigo gida ko tsakar makaranta, ba wanda zai ce a bar ta cikin yara. Amma wadda aka gani a kan reshenta a cikin daji, ratsewa ya fi. Ba ta bin mutum, ba ta da saurin da za ta bi shi ma. Sara da yawa yana faruwa ne daidai lokacin da mutum ya matsa kusa da sanda zai kashe. Ban da haka tana cin ɓerayen da ke ɓarna a gona, aikin da manomi ba ya biyan ko sisi a kansa.

Akwai kuma wata fitina. Saboda kyan launinta, masu kiwon macizai a Turai da Amurka suna sayenta da tsada su ajiye a akwatin gilashi, kuma da yawa cikin saran da likitocin can suka rubuta, irin waɗannan masu kiwo ne ta sara. Cinikin ya yi ƙarfi har a 2016 aka sa wata 'yar'uwarta ta ƙasar Kenya, Atheris desaixi, cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan fataucinsu. Lokacin da aka bayyana wata sabuwa a Tanzaniya a 2011, mai suna Atheris matildae, masanan da suka gano ta ɓoye sunan dajin suka yi don gudun masu kamawa. Saboda haka in wani ya zo ya ce wa saurayi ya kamo masa irin wannan macijiya zai ba shi kuɗi, ya tuna cewa yatsunsa ne zai sa a gaban dafin da ba a yi wa makari ba, riba kuma wani can ne zai ci.

Kammalawa

Kakanninmu sun karanci ƙasar da suka zauna, suka bar mana gargaɗin da ya dace da ita, kuma gargaɗin yana nan da amfaninsa. Mu da muka tashi a bakin kurmi, namu ne mu ƙara a kai. Abubuwa uku muke roƙon kowa ya riƙe: a kurmi a dubi sama kamar yadda ake duban ƙasa, kada a raina maciji don ƙanƙantarsa ko koren launinsa, kuma in sara ya faru a nufi asibiti nan take ba ɗauri ba tsaga.

Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda littafin nan ya shiga hannunsa ya karanta wa na gida waɗanda ba sa karatun boko, musamman masu fita ƙauyuka lokacin kakar koko. Allah Ya tsare mu da iyayenmu a gida da daji, Ya ba marasa lafiya lafiya.